Kama da wane ba wane ba ne: yadda ake tantance bakteriya da kundin gadonta

A 2010 da 2011 aka yi wa yara da matasan Nijar allurar MenAfriVac, kuma cikin ƴan shekaru sanƙarau na rukunin A, wanda ya daɗe yana addabar Sahel duk rani, ya kusa ɓacewa. Sai ga shi a 2015 cutar ta sake ɓarkewa. Ta fi tsanani a Yamai da Doso, ta kama mutum fiye da 8,000, ta yi ajalin fiye da 500. Gwajin farko ya ce rukunin C ne. Amsar ta yi amfani, domin ita ta nuna irin allurar da za a nemo, amma ba ta faɗi inda ƙwayar ta fito ba. Da aka karanta kundin gadonta baki ɗaya, sai aka ga wani tsatso ne mai lamba ST-10217, wanda aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kakanninta ƙwayoyi ne marasa riga, wato ɓawon da ke lulluɓe ƙwayar, wanda da shi ake raba ta rukuni-rukuni kamar A da C, irin waɗanda ke zaune a maƙogwaron mutane ba tare da sun sa su ciwo ba, har ranar da ɗaya daga cikinsu ta tsinci ƙwayoyin gadon rigar C da wasu na cutarwa daga wata bakteriya.

Wannan labari ya ƙunshi tambayoyi uku da ake yawan cakuɗawa: wane jinsi ce, daga wane tsatso take, kuma me take ɗauke da shi. Kundi ɗaya ke amsa su duka, amma kowace da nata ma'auni. Yawancin kurakuran da muke gani a takardun sakamako daga nan suke tasowa, a ɗauki mudun wata tambaya a auna wata da shi.

Abin da ake karantawa

Kundin gado, ko jinom, shi ne duk DNA ɗin da ke cikin ƙwaya, wanda ma'aikatan ɗakunan gwajinmu suka fi sani da ADN. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Na bakteriyar sanƙarau, Neisseria meningitidis, yana da haruffa kusan miliyan 2.2. Na tarin fuka miliyan 4.4, na taifot kusan miliyan 4.8, na kwalara kusan miliyan 4 a kan zobe biyu. A cikin rubutun akwai sassa dubbai da ake kira ƙwayoyin gado, kowace da aikinta. Ban da babban zoben, bakteriya da yawa na riƙe da ƙananan zobba da ake kira filasmid, waɗanda suke miƙa wa juna kamar aron kaya tsakanin maƙwabta. Kundin bakteriya na farko da aka kammala karantawa shi ne na Haemophilus influenzae a 1995, ita ma ɗaya ce daga cikin masu haddasa sanƙarau a yara. Aikin da ya ci watanni a lokacin, yau kwana biyu ko uku ne.

Daga gadon majinyaci zuwa faranti

Mutane sun fi son jin labarin na'ura, amma a nan wajen namu makomar sakamako tun a kwalbar farko take yankewa. A ɗauki misalin ruwan laka da aka ɗebo daga bayan yaro a wata likita ta jihar Tawa, za a kai shi cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Ƙwayar sanƙarau duk tsananinta a jiki, a waje raguwa ce: ba ta jure sanyi, ba ta jure zafi, ba ta jure bushewa. Wanda ya sa ruwan lakar a firigo da niyyar adana shi ya kashe ta. Ka'idar ita ce a shuka ruwan cikin awa ɗaya, ko a zuba rabin mililita zuwa mililita ɗaya a kwalbar Trans-Isolate, mai abincin da ke raya ƙwayar a hanya, bayan an bar ta ta huce daga sanyin firigo kuma an goge murfin robarta da alkol. In za ta yi fiye da kwana ɗaya kafin a tafi da ita, a soka mata allura mai toshin auduga don iska ta shiga, a cire allurar kafin a ɗora ta a mota. Wani kason na daban, a busasshiyar kwalba, shi ake sanyayawa domin gwajin PCR, mai neman wani ɗan yanki na DNA ɗin ƙwayar.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Yaro ya zo a sanƙare, dole a yi masa allurar seftiriyazon nan take, ba a jiran kwalba. In an ɗebi ruwan bayan ƴan sa'o'i da allurar, sau da yawa babu abin da zai tsiro. PCR zai iya cewa sanƙarau ne kuma ga rukuninsa, tunda ko gawar ƙwaya tana da DNA, amma cikakken kundi ya yi wuya. Dalili kuwa lissafi ne: ruwan cike yake da fararen ƙwayoyin jinin yaron, kuma kundin mutum ya ninka na bakteriyar fiye da sau dubu. In aka zuba ruwan kai tsaye a na'ura, kusan duk abin da za ta karanto na yaron ne. Akwai dabarun kamo DNA ɗin bakteriyar a ware shi, sai dai suna da tsada kuma ba kullum suke ba da kundi cikakke ba.

In an yi sa'a ƙwayar na da rai, sai a shuka ta a farantin abincin ƙwaya, na jini ko na jinin da aka dafa ya yi launin cakulan, a zafin digiri 35 zuwa 37, cikin iska mai kashi 5 cikin ɗari na kabon dayoksaid, awa 18 zuwa 24. Inda babu na'urar da ke ba da wannan iska, tulun da aka kunna kyandir a ciki aka rufe na yin aikin. Daga nan a ɗauki tsiro ɗaya tak, a sake shuka shi a sabon faranti. Masu gaggawa kan share farantin farko gaba ɗaya su ɗebi DNA, kuma wannan gaggawar ce ke haifar da kundi mai gauraye. Kafin a taɓa komai, a ajiye wani kaso cikin giliserol kashi 15 zuwa 20 a sanyin digiri 70 ko 80 ƙasa da sifiri, domin ranar da sakamako ya zo da abin mamaki sai an koma ga asalin ƙwayar.

Hanyar fasa ƙwaya ta danganta da kaurin bangonta. Neisseria da Salmonella da Vibrio na fashewa cikin sauƙi. Masu kaurin bango sai da sinadarin narkar da bango mai suna laisozaim, Staphylococcus kuma sai da laisostafin. Ƙwayar tarin fuka, wadda ke ɗaukar makonni kafin ta tsiro, sai an fara kashe ta da zafi a ɗaki mai kariya, sannan a girgiza ta da ƙananan duwatsun gilashi saboda kakin da ke jikinta. Bayan an tace, a auna abu biyu. Tsabta: ma'aunin haske na 260 bisa 280 ya tsaya wajen 1.8. Yawa: a auna da Qubit, wanda rininsa DNA mai igiya biyu kaɗai yake kamawa. Na'urar haske irin NanoDrop na haɗawa da RNA da sauran datti ta ba da adadin da ya fi gaskiya, kuma ga hanyar shirya DNA ta Nextera XT da nanogiram ɗaya kacal take buƙata, ƙaramin kuskure a nan ya isa ya ɓata girman guntayen da za a yanka.

Na'urori biyu, halaye biyu

Babu na'urar da ke karanta zoben daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Yanka shi ake yi, a liƙa wa guntayen kowane samfur wata gajeriyar lamba ta haruffa, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa, a haɗa samfura da yawa a karanta tare, sannan kwamfuta ta rarrabe su da wannan shaidar.

Na'urorin Illumina, irin su MiSeq, gajerun guntaye suke karantawa, haruffa 150 zuwa 300 daga kowane gefe, amma da ƙarancin kuskure. Ana auna ingancin kowane harafi da maki, kuma maki Q30 na nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin dubu. Zagaye ɗaya na haruffa 250 sau biyu yana cin kusan awa 39, ya ba da haruffa wajen biliyan 8. A nan ne lissafin ninki ke shigowa, wato sau nawa aka karanta kowane gurbi. Ƙasa da sau 30 ba a cika amincewa da shi ba, sau 50 zuwa 100 ya fi kwanciyar hankali. Ga sanƙarau, ninki 100 haruffa miliyan 220 ke nan, don haka a takarda samfura talatin da ƴan kai za su shiga zagaye ɗaya. Ga Salmonella kuwa sha biyar ne ko sha shida. A aikace sai a rage, domin samfura ba sa raba rabo daidai, wani ya kwashi ninki 200 ya bar maƙwabcinsa da 15.

MinION na kamfanin Oxford Nanopore kuwa ɗan ƙarami ne, ana riƙe shi a tafin hannu. Zaren DNA ke ratsa wani ɗan rami na furotin, canjin wutar da ke bi ta ramin shi ake fassarawa zuwa haruffa. Guntayensa dogaye ne, dubban haruffa zuwa dubun dubata, shi ya sa yake iya rufe zobe gaba ɗaya ya kuma ware filasmid. Rauninsa a wuraren da harafi ɗaya ya jeru, misali A bakwai ko takwas, sai ya ƙirga shida ko tara, da kuma wuraren da bakteriyar ta yi wa DNA ɗinta ado da sinadarin metil. Samfurin R10.4.1 na farantin ramukansa ya rage wannan sosai, amma bai kawar da shi ba.

Yanayinmu bai raga wa ko ɗaya ba. MiSeq na son ɗaki mai digiri 19 zuwa 25, a garin da Afrilu da Mayu ke haura 40. Ɗaukewar wuta a tsakiyar zagaye asarar zagayen ce baki ɗaya, saboda haka batirin ajiye wuta da injin gurup ba kayan ado ba ne. Ƙurar hunturu na shiga duk inda iska ta shiga. Sinadaran na tahowa daga ƙetare cikin sanyi, wasu a daskare, wasu a digiri 2 zuwa 8, kuma farantin ramukan MinION in ya daskare ya lalace, in ya kwana a zafin wurin sauke kaya ma haka. Shi ya sa ake ƙirga ramukansa masu rai kafin a zuba samfur. In ba su kai 800 ba, kar a yi asarar DNA a kansa.

Harhaɗawa, da binciken ko kundin na ƙwaya ɗaya ne

Guntayen da suka fito ana fara tace su da manhajoji irin su FastQC da fastp, a datse wutsiyoyi marasa inganci. Sannan a ɗinke su inda bakinsu ya yi daidai, da SPAdes ga gajeru, da Flye ga dogaye. Gajerun guntaye ba sa ba da zobe ɗaya. Duk inda wani jerin haruffa ya maimaitu a kundin kuma ya fi guntun tsawo, ɗinkin ya tsinke. Ga ƙwayar sanƙarau, mai yawan maimaici, a samu yanki fiye da ɗari ba abin damuwa ba ne.

Abin damuwa shi ne jimillar. Wanda ke jiran miliyan 2.2 ya ga miliyan 4 da wani abu, to ƙwaya biyu ya karanta. Kason G da C ma shaida ne: na sanƙarau kusan 52 cikin ɗari, na tarin fuka kusan 65. Kraken2 na gaya maka ko akwai baƙon jinsi a cikin guntayen, CheckM na ƙirga ƙwayoyin gadon da ya kamata a samu sau ɗaya tak, in ya gan su bibbiyu ya yi ƙara. Gaurayen da ya fi wuyar kamawa shi ne na tsatso biyu daga jinsi ɗaya, domin jimillar ba ta ƙaruwa sosai. Alamarsa ita ce a gurbi ɗaya rabin guntaye su ce A, rabi su ce G, a wurare ɗaruruwa. Bakteriya salo ɗaya take da shi na kundinta, ba ta da dalilin yin baki biyu. Irin wannan kundi ba a gyara shi a kwamfuta, komawa faranti ake yi.

Wane jinsi ce?

Tun aikin Carl Woese a 1977, ƙwayar gado guda mai suna 16S, mai haruffa kusan 1,500, ta zama ma'aunin zumuntar bakteriya, domin kowace na da ita kuma a hankali take canzawa. An fara da cewa kamannin da bai kai kashi 97 ba jinsi daban ne, daga baya aka ɗaga zuwa wajen 98.7. A lura da yadda ka'idar take: ƙasa da wannan adadi, daban ne. Sama da shi kuwa bai tabbatar da komai ba. Streptococcus pneumoniae, mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau, da Streptococcus mitis da ke zaune a bakin kowa, 16S ɗinsu ya haura kashi 99 a kamanni. Bacillus anthracis mai ciwon saifa a dabbobi da Bacillus cereus ta cikin ƙasa da shinkafar da ta kwana, kusan ba a bambance su da shi, abin da ya raba su filasmid biyu ne, pXO1 da pXO2. Don haka 16S na kai ka ƙofar gida, amma ba ya nuna maka ɗaki.

Ma'aunin da ya gaji wannan aiki shi ne ANI, matsakaicin kamannin haruffa tsakanin kundi biyu. Ana yanka kundi ɗaya gunduwa-gunduwa, haruffa 1,020 a tsohuwar hanya, 3,000 a FastANI, a nemo takwaran kowace gunduwa a ɗaya kundin, a fitar da matsakaici. Kashi 95 zuwa 96 shi ne iyakar jinsi, kuma ya yi daidai da tsohon ma'aunin kashi 70 na manne DNA biyu a kwalba da aka amince da shi a 1987. Iyakar ba zaɓin son rai kaɗai ba ce: da aka gwada kundaye dubun dubata, an ga yawancinsu ko dai sun haura 95, ko suna ƙasa da 83, tsakiyar kusan wayam.

Abu biyu ake mantawa. Na farko, ANI sassan da kundayen suka yi tarayya kawai yake aunawa, saboda haka a duba kashi nawa na kundin ne ya samu takwara. Kamannin 97 a kan kashi ɗaya bisa biyar na kundi ba shaidar jinsi ba ce, wataƙila filasmid suka yi tarayya. Na biyu, da wa aka gwada? Kowane sunan jinsi a ɗaure yake da ƙwaya guda ta asali da aka ajiye a ma'ajiyoyi biyu a ƙasashe biyu, kuma da kundinta ya kamata a auna. Rumbun GenBank kowa na zuba nasa da sunan da ya ga dama, kuma akwai kundaye masu sunan kuskure a ciki. Wanda ya ɗauki sunan da ya fito a saman jeri ya rubuta a takarda, zai iya gadon kuskuren wani. Shafin TYGS na cibiyar DSMZ ta Jamus da ƙwayoyin asali kaɗai yake gwadawa. In kuma babu wanda ya kai 95, amsar gaskiya ita ce sunan dangin kawai, tare da bayanin cewa babu takwara a rumbu. Wannan na faruwa da samfuran ƙasa da rijiyoyi da dabbobinmu fiye da yadda ake zato, domin abin da aka karanta daga Sahel kaɗan ne a rumbunan duniya.

Akwai inda ANI da likita suka raba hanya. Bisa ma'aunin, Shigella mai atini da Escherichia coli jinsi ɗaya ne, an bar sunayen ne saboda asibiti na buƙatarsu. Ƙwayoyin tarin fuka na mutum, da Mycobacterium africanum da ba a cika samu ba sai a Afirka ta Yamma, da Mycobacterium bovis ta shanu, kamanninsu ya kai kashi 99.9, har a 2018 aka mayar da su jinsi ɗaya. Amma bovis, wadda ake iya ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, da ma can maganin firazinamid ba ya kama ta. A yankin makiyaya kamar Tawa da Abalak, takardar da ta tsaya a kan sunan jinsi ta ɓoye abin da likita ya fi buƙatar sani.

Wane tsatso?

Tambayar masu bin sawun annoba ke nan, kuma ANI bai da abin cewa a kanta, tunda duk ƙwayoyin jinsi ɗaya ne. Hanyar MLST, wadda aka ƙirƙira a 1998 kuma a kan ƙwayar sanƙarau aka fara ta, tana duba ƙwayoyin gado bakwai na ayyukan yau da kullum: abcZ, adk, aroE, fumC, gdh, pdhC da pgm. Kowane sabon salon rubutu na kowace ɗaya yana samun lamba a rumbun PubMLST na Jami'ar Oxford, jerin lambobin bakwai kuma shi ke ba da ST, wato lambar tsatso. Waɗanda suka yi tarayya da ST na tsakiya a huɗu ko fiye daga bakwai, gida ɗaya ake sa su. Harafi ɗaya ya canza, lamba ta canza. Shi ya sa duk sabon salon da ya fito daga MinION kaɗai sai an tabbatar da shi kafin a yi shelar sabon tsatso, kar a raɗa wa kuskuren na'ura suna.

Riga da tsatso ba abu ɗaya ba ne. Tsatson ST-11 ya yawo duniya da rigar C, ya kuma sa rigar W a annobar Burkina Faso ta 2002. Annobar rukunin X da aka yi a Nijar a 2006 ta ST-181 ce. Allura riga take gani, mai bin sawu tsatso yake bi, dole takarda ta ɗauki duka biyun.

Kwalara na nuna iyakar MLST ƙarara. Kusan duk ƙwayoyin annobar duniya ta bakwai, wadda ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ST69 ne. A ce ƙwayar Ƙonni da ta Madarumfa duk ST69 ne, daidai yake da a ce su biyun Vibrio ne masu annoba, ba a ƙara komai ba. Rabon ƙwayar kwalara zuwa nau'in Ogawa da na Inaba ma ba tsatso ba ne, canji a ƙwayar gado guda ke juya wannan zuwa wancan. Sai an sauka ga ƙirga bambancin haruffa ɗaya-ɗaya a duk kundin. Da wannan hanya ce binciken kundaye fiye da dubu ya nuna a 2017 cewa kwalara ta shigo Afirka daga Asiya aƙalla sau 11 tun 1970, kowane shigowa ya yi shekarunsa ya gushe ko wani ya maye gurbinsa. Tsakanin hanyoyin biyu akwai cgMLST, wanda ya faɗaɗa bakwai ɗin zuwa ƙwayoyin gado fiye da dubu, 3,002 ga Salmonella a rumbun EnteroBase. Amfaninsa shi ne ɗakunan gwaji biyu na iya kwatanta lambobi ba tare da sun aika wa juna manyan fayiloli ba, abin da duk mai fama da intanet ɗinmu zai yaba.

Bambancin harafi nawa ne ke nuna cewa wannan daga wancan ya ɗauka? Babu adadi ɗaya. Ƙwayar tarin fuka na canza kusan rabin harafi a shekara, shi ya sa ake amfani da 5 zuwa 12 a matsayin iyakar kusanci. Ɗora wannan adadi a kan sanƙarau kuskure ne babba. Neisseria na haɗiyar DNA daga ƴan uwanta a maƙogwaro, har tana da wata shaida mai haruffa goma, GCCGTCTGAA, da ta maimaitu kusan sau 2,000 a kundinta don gane na gida. Haɗiya ɗaya na iya shigo da bambancin haruffa ɗari a rana guda, ƙwayoyi biyu daga ɗaki ɗaya su zama kamar sun rabu shekaru aru-aru. Sai an gano waɗannan facin an rufe su, da manhaja irin Gubbins, kafin a zana bishiyar zumunta. Ko bishiyar ta fito da kyau, ba ta faɗin wa ya sa wa wa. In takardar da ta rako kwalba ba ta da ranar fara ciwo da sunan gari ko unguwa, kundin ya zama maraya.

Me take ɗauke da shi?

Manhajoji irin su AMRFinderPlus da ResFinder na laluben ƙwayoyin gadon bijire wa magani: blaCTX-M-15 mai karya seftiriyazon, blaNDM-1 mai karya har magungunan ƙarshe na kabafenem, ko canjin T91I a gyrA da ke sa sifurofulozasin ya daina kama ƙwayar sanƙarau. A tarin fuka ne hasashen ya fi ƙarfi: S450L a rpoB na nufin rifamfisin ya faɗi, S315T a katG na nufin izoniyazid, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin irin waɗannan canje-canje a 2021, ta sabunta shi a 2023. Gwajin gaggawa na GeneXpert haruffa 81 na rpoB yake dubawa, kundi kuwa duk magungunan yake dubawa a karatu ɗaya.

Duk da haka, samun ƙwayar gado bai tabbatar tana aiki ba, rashin samunta kuma na iya nufin rumbun bai san wannan dabarar ba tukuna. Mashaƙo da ya ɓarke a jihar Damagaram a 2023 misali ne mai kyau. Gubar cutar daga ƙwayar gadon tox take, wadda wani birus mai kama bakteriya ke shigo da ita. Akwai ƙwayoyin da ke ɗauke da tox amma harafi ɗaya ya goce a ciki, ba sa fitar da guba ko kaɗan, kuma gwajin Elek, mai neman gubar kanta, shi ke raba gardama. Haka ma farantin gwajin magani bai yi ritaya ba.

Sunaye kuma sai canzawa suke, domin da aka jera kundaye aka ga tsoffin dangogi da yawa taron baƙi ne. Rumbun GTDB, tun 2018, yana sake tsara bishiyar bakteriya da ƙwayoyin gado 120, yana kuma liƙa harafi a wutsiyar sunan da ya rabe, kamar Pseudomonas_E. A 2020 aka raba Lactobacillus dangi 25, har ƙwayar da ke tsamar da nono da koko, Lactobacillus fermentum, ta koma Limosilactobacillus fermentum. Wannan bai dami mai fura ba. Wanda ya dami asibiti shi ne na wannan shekarar dai, da aka shigar da dangin Ochrobactrum cikin Brucella. Ochrobactrum anthropi ƙwayar ƙasa da ruwa ce da kan shiga jini ta robar ƙarin ruwa, Brucella ta gaske kuwa ita ce mai sa shanu da awaki ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, wadda maganinta makonni shida ne da magunguna biyu, kuma ma'aikacin da ya shaƙe ta a ɗakin gwaji shi ma sai an bi lafiyarsa. Likitan da ke duba makiyayi a Tawa ya ga an rubuta Brucella anthropi, zai iya ɗora shi a kan maganin da ba nasa ba. Saboda haka takardar sakamako ta ɗauki sabon suna da tsohon a jere, da sunan rumbun da aka gwada da shi da ranar da aka sauke shi, in kuma Brucella ce a rubuta ɓaro-ɓaro ko mai haddasa cutar ɓarin dabbobi ce ko ba ita ba ce.